Mudun da Ake Sakewa Ana Tsakiyar Awo

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shagon dillalan gidaje a ƙasar Faransa ya ga wani ɗan tsani mai hawa bakwai liƙe kusa da hoton kowane gida da farashinsa. Hawan sama kore ne shar, yana ɗauke da harafin A. Na ƙasa ja ne wur, yana ɗauke da harafin G. Tun ranar 1 ga Janairun 2011 doka ta wajabta a nuna wannan harafi cikin duk tallar gida, na sayarwa ne ko na haya. Takardar da ke ba da shi ita ce Faransawa ke kira DPE, wato awon makamashin da gida ke bukata a shekara domin a ɗumama shi, a dafa ruwan wanka, a haskaka ɗakunansa. Asalinta wani umurni ne na Tarayyar Turai na shekarar 2002. Ta zama tilas ga mai sayarwa a Nuwamban 2006, ga mai ba da haya kuma a Yulin 2007.

Kusan shekara goma sha biyar takardar ta yi tana kwance cikin tarin takardun ciniki, ba mai ɗaga ta sai noter. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka yi mata haƙora: daga ranar, mai saye yana iya zuwa kotu idan ya gano harafin ba na gaskiya ba ne. Ba a yi wata biyu ba dokar 22 ga Agustan 2021 ta biyo baya da jadawalinta. Daga Agustan 2022 an hana ƙara kuɗin hayar gidajen F da G. Daga Janairun 2025 ba a ƙulla sabuwar haya a gidan G. Na F wa'adinsu 2028 ne, na E kuwa 2034. Gidajen hawa biyu na ƙasa har suna aka raɗa masu, ana ce da su rariya, domin wai ɗumi yana zurarewa ta bangonsu kamar yadda gari ke bi ta ramukan rariya. A farkon 2022 hukuma ta ƙiyasta irinsu sun kai miliyan 5.2 cikin gidajen zama kimanin miliyan 30.

Kasuwa ba ta jira 2028 ba. Ƙungiyar noter-noter ta Faransa, wadda duk cinikin gida ke bi ta hannun ƴaƴanta, takan fitar da ƙididdigar abin da take kira darajar kore. Abin da ƙididdigar ke nunawa shekara bayan shekara shi ne, gida mai zaman kansa da ke F ko G yana faɗuwa ƙasa da takwaransa na D, kuma a wasu jahohi ragin yana kai wa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gidan. A ɗauki misalin gidan da ya cancanci yuro 200,000. Kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa yuro 40,000 ne, fiye da sefa miliyan 26. A Holand ma, binciken da Dirk Brounen da Nils Kok suka wallafa a 2011 ya tarar gidan A yana samun ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari a kan na D, na G kuma yana rasa kusan kashi 5. Harafi guda ke nan, wanda wani ma'aikaci ya rubuta bayan ya zaga gida na awa ɗaya ko biyu, aka biya shi ladan da bai cika wuce yuro 250 ba.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja, kuma ba a raina ta. Gine-gine suna cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na makamashin Turai. Mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai riƙa biya kowane hunturu kafin ya ɗaura wa kansa bashin shekara ashirin. Ɗan haya da ke kwana da rigar sanyi a ɗaki mai raɓa, yana biyan kuɗin wutar da ya fi ƙarfinsa alhali mai gida yana can yana karɓar haya, ya cancanci doka ta tsaya masa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya kawo mudu kasuwa, ya ce da shi za a yanke wa kowa dukiyarsa, wajibi ne a duba gindin mudun nasa kafin a fara awo.

Abu na farko da mai dubawa zai tarar shi ne, ba gidan da mutane ke ciki ake aunawa ba. Tun gyaran 2021 an daina duba takardun kuɗin wuta da na gas da mazauna suka biya. Mai awo yana shigar da faɗin bango da irin tagogi da shekarun tukunyar ɗumama gida cikin kwamfuta, ita kuma ta lissafa abin da wani mazauni na zato zai ƙona idan ya riƙe dukan ɗakunan a digiri 19 tsawon hunturu. Gidan da lissafinsa bai kai kilowat-awa 70 a kowane murabba'in mita ba, kuma hayaƙinsa kaɗan ne, shi ne A. Wanda ya haura 420 ya faɗa G. Wannan mazauni na zato ba ya talauci, ba ya rufe ɗakin baƙi ya koma kusa da murhu, ba ya ƙara bargo. A Janairun 2024 majalisar masana tattalin arziki da ke ba firaministan Faransa shawara ta gwada lissafin da abin da dubban iyalai suka biya a zahiri, ta hanyar bayanan asusunsu na banki. Lissafi ya ce gidan G zai ci fiye da na A ko B da kashi 560 cikin ɗari. Abin da aka tarar kashi 86 ne. Tazarar tana nan, ba wanda ya ce babu ita, amma ta gaza abin da aka faɗa har ninki shida. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa auna cefane da aljihunsa: mai gidan rariya yana rage wuta ya jure sanyi, mai gidan kore yana sakin jiki ya ƙara ɗumi. Ana iya cewa ai wannan juriya ita kanta wahala ce da ya kamata a kawar. Haka ne. Amma ribar kuɗi da ake kwaɗaita wa mai saye da ita, wadda a kanta ake zabge farashin gidan wani, ba ta kai yadda tsanin nan mai launi ke nunawa ba.

Hannun mai awon ma ba ɗaya ba ne. A 2022 mujallu biyu na kare masu saye, 60 Millions de consommateurs da Que Choisir, kowace ta gayyato masu awo dabam-dabam su auna gidaje guda, sai ga gida ɗaya yana fitowa da haruffa mabambanta, wani lokaci tazarar hawa biyu, wani lokaci uku. A kasuwar hatsi ta Maraɗi, da za a sami tiyar da ke ba da awo uku a buhu guda, ba za ta kai azahar ba sarkin kasuwa ya sa an karɓe ta.

Wanda ya fi wannan ban takaici shi ne yadda hukuma da kanta take sake mudun ana tsakiyar awo. Wata uku bai cika ba da fara sabon lissafin, a Satumban 2021, ma'aikatar gidaje ta nemi a dakatar da auna gidajen da aka gina kafin 1975, saboda sakamakon da ke fitowa ya kauce hanya. Sai a Nuwamba aka ci gaba bayan an gyara. A Yulin 2024 aka sassauta wa ƙananan ɗakuna da ba su kai murabba'in mita 40 ba, bayan an yarda cewa lissafin ruwan zafi yana zaluntarsu, aka ce kimanin 140,000 za su fita daga sahun rariya. Sannan ga babbar. Wutar lantarki ba a ƙidaya ta yadda take a kwantar: ana ninka ta da wani adadi, wai don a lissafa abin da ya salwanta a tashar da aka samar da ita. Adadin 2.58 ne har zuwa 2021, ya koma 2.3, sannan a Yulin 2025 firaminista François Bayrou ya ba da sanarwar mai da shi 1.9 daga 1 ga Janairun 2026, gwamnati tana cewa gidaje kusan 850,000 za su bar F da G. Lissafin ba wuya. Gidan da ke cin kilowat-awa 170 na lantarki a murabba'in mita, in an ninka da 2.3 ya zama 391, yana F, rariya ne, an daskarar da hayarsa, an sa masa ranar kora daga kasuwa. In an ninka da 1.9 ya zama 323, ya hau E. Ba a taɓa bango ba, ba a sake taga ba, ba a buga ƙusa ɗaya ba. To, tsohuwar da ta sayar da irin wannan gida a farkon 2025 da ragin rariya, domin ta biya kuɗin gidan kula da tsofaffi, wa zai mayar mata da abin da ta rasa? Babu ofishin da aka buɗe domin wannan.

Ragin kuma ba ya sauka daidai a kan kowa. A tsakiyar birnin Faris, inda masu nema suka ninka gidajen da ke akwai, harafi ja ɗan kaɗan yake taɓa farashi, domin mai bukata ba ya zaɓe. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa, inda gida ke da araha, can ne yake sara har ƙashi. Ga shi kuwa kuɗin gyara bai san ƙauye da birni ba: lulluɓe bango da rufi, sake tagogi, sake na'urar ɗumi, aiki ne na yuro dubbai goma-goma ko'ina gidan yake. Wanda ya gaji gidan dutse a ƙauye yana iya tarar da gyaran ya lashe kaso mai tsoka na darajar gidan baki ɗaya. Tallafin gwamnati mai suna MaPrimeRénov', da aka kafa a 2020, sharuɗɗansa sun yi ta canjawa, har aka rufe karɓar takardun manyan gyare-gyare na ƴan watanni a tsakiyar 2025. Wanda ba shi da abin gyara sai ya sayar da rahusa, mai saye kuwa sau da yawa shi ne wanda ke da kuɗi a hannu, ya gyara, ya hau hawa uku, ya sayar ko ya ba da haya da tsada. Dukiya ta tashi daga hannun mai ƙaramin ƙarfi ta koma hannun mai babba, da sunan ceton duniya daga ɗumama. Shi kuwa ɗan hayar da aka ce dominsa aka yi dokar, ɗakunan ƙarƙashin rufi da ɗalibai da baƙi ke samu da sauƙi, ciki har da ƴan Afirka masu karatu a can, suna cikin waɗanda suka fi faɗawa ja. Duk wanda aka janye daga kasuwar haya, layin masu nema ne ya ƙara tsawo.

Akwai wani makantar da ta fi shafar mai karatu na Sahel. Mudun nan na hunturu ne. Abin da ya fi aunawa shi ne saurin da ɗumi ke ratsa bango ya fita. Jin daɗin gida a lokacin zafi an ba shi ɗan gurbi a cikin takardar, amma ba ya shiga cikin harafin, a ƙasar da zafin Agustan 2003 ya kashe mutum kusan 15,000. Tsofaffin gidajen dutse da na ƙasa, irin waɗanda suka cika yankin Isère, suna da kaurin bangon da ke shanye zafin rana ya riƙe shi sa'o'i kafin ya sake shi, suna kuma numfasa raɓa. Lissafin bai ba wannan nauyin kirki ba, kuma inda mai awo bai sami takardar shaidar abin da ke cikin bango ba, sai kwamfuta ta ɗora masa adadin da aka tanada, wanda ba ya yi wa tsohon gini adalci. Ƙungiyoyin kare gine-ginen gargajiya na Faransa sun daɗe suna kuka cewa ana tura masu irin gidajen nan su lulluɓe su da kayan roba, bango ya kasa numfashi, raɓa ta taru ta ci shi daga ciki. Abin mamaki, a Grenoble ɗin nan ta Isère ne cibiyar CRAterre take, wadda tun 1979 take koya wa duniya darajar ginin ƙasa.

Mai karatu a Damagaram ko Tawa yana iya cewa wannan rigimar masu dusar ƙanƙara ce. Ba ta tsaya can ba. A 2020 majalisar ministocin ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta amince da umurni biyu, ɗaya kan liƙa wa fitilu da kayan lantarki na gida alamar cin wuta, ɗaya kan matakan tsimin makamashi a sababbin gine-gine. Niyyar mai kyau ce, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, wadda kuma ta ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Amma an san hanyar da dokoki suka saba biyowa kafin su iso Yamai, an kuma san harshen da ake fara rubuta su da shi. Ranar da wani ƙwararre zai sauka da tsaninsa mai launi bakwai cikin jaka, ya kamata a ce an riga an shirya tambayoyin da za a yi masa.

Domin kuwa kasuwar gidaje ta Nijar ta daɗe da nata tsanin, ko da ba a liƙa shi a bango ba. Hawa uku gare shi, kowane dillali ya haddace: ginin siminti a sama, rabi-da-rabi a tsakiya, ginin ƙasa a can ƙasa. Harshen takardun mulki da aka gada daga zamanin Turawa yana kiran siminti da ƙarfe kayan gini na dindindin, abin da ke nufin tubali da azara na wucin gadi ne, ko da sun shekara ɗari a tsaye. Kuɗin haya yana bin wannan tsani, farashin sayarwa yana bin sa, mai ba da bashi yana bin sa, har masu neman aure suna bin sa. In kuwa da ma'aunin zafi za a bi, tsanin a kife yake. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba sili, a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, tanda ne. Mai shi ya biya tsada ya saye, sannan ya biya fanka, in yana da hali ya biya na'urar sanyi, ranar da aka ɗauke wuta kuma ya kwashe iyalinsa su koma gindin bedi. Soron ƙasa mai kaurin bango da ɗaurin guga yana riƙe sanyin asuba har rana ta karya, da dare a fita tsakar gida a bar shi ya huce, cikin hunturu kuma ya rungume ɗumi. Maginan Birni da Zangon Damagaram ba su san kilowat ba, amma sun san inda ake fuskantar da ƙofa, da dalilin ƙanƙanta taga, da amfanin zaure da shigifa. Kasuwa ta ba aikinsu jan harafi.

Ba a ɓoye aibin ginin ƙasa. Yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma wanda ya yi sakaci ya gani. Ruwan 2024 ya rusa dubban gidaje, ya kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 a watan Satumba. Giginyar da ake samun azara ta yi ƙaranci. Wanda ya guji ƙasa ya koma siminti ba wawa ba ne, yana gudun ɗaki ya faɗo wa ƴaƴansa ne, yana kuma neman abin da banki zai karɓa jingina. Sai dai an daɗe da samun amsar yawancin waɗannan a cikin ƙasar kanta. Tun 1980 aka fara gini ba itace a Cikal, ana rufe ɗaki da ƙubba da baka na tubali zalla, aka horar da magina da yawa. Masallacin Yama na jahar Tawa, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. A 2016 aka kammala gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa matsattse, gidaje shida masu bene, cikin waɗanda suka zana su har da Mariam Issoufou Kamara, wadda ita da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji suka mai da tsohon ɗakin karatu a 2018. Duniya tana zuwa ɗaukar hoto, dillalin unguwa kuwa har yanzu tambayarsa ta farko ita ce ko ginin na siminti ne.

Saboda haka awon gaskiya zai iya yi wa ginin ƙasa rana, ya ɗaga darajar abin da aka raina, ya sa mai gina gidan haya ya yi tunanin sili da inuwa da iska kafin ya yi tunanin fenti. Awon aro kuwa, wanda aka ƙera don hunturun Turai aka ɗan juya shi, zai ɗauka kowane gida rufaffe ne mai na'urar sanyi, ya ba da kore ga wanda ya iya sayen gilashi mai ruɓi biyu daga waje, ya tabbatar wa soron gado jan harafinsa, wannan karon da hatimin hukuma. Abin da ya faru a Faransa ya isa ya nuna wuraren da za a tsare: a auna ɗakin da mutane ke kwana a ciki da irin zaman da suke yi, kada mai sayarwa ya zama shi ke zaɓen mai awo yana biyansa, kada a ɗaura wa harafi hukunci kafin a tabbatar da mudun, kuma a san tun farko wanda zai ɗauki asara in an sake shi.

Wannan aiki bai kamata a bar wa ma'aikatu da masu zuwa da jaka su kaɗai ba. Malamin kimiyya a kowace kwaleji yana iya rataye ma'aunin zafi guda a ajin bulo mai kwano, guda a wani soro na unguwa, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka nuna da ƙarfe bakwai na safe, da ƙarfe biyu na rana, da bayan isha'i, tun daga farkon Maris har ruwa ya sauka. Ƙungiyoyin raya al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna iya tattara littattafan, su zauna da sarakunan magina a rubuta kaurin kowane bango da irin rufinsa da shekarunsa kusa da adadin da aka samu. Kuɗin ma'aunin guda bai kai na buhun siminti ba.